Keken agaji da ɓarawon zaune

Jama'a, akwai wata sata da ta addabi ƙauyukanmu, kuma ba a ɗauke ta bakin komi ba. Ita ce satar keken masu agaji. Masu agaji su ne mutanen da muke bugun ƙofarsu in ciwo ya tashi tsakar dare: rele na gari, ma'aikacin ƙaramar likita, mai rakiyar ungozoma, da samarin Kurwa Ruj masu aikin sa kai. In an sace akuya, gari duka ke tashi. A bi sawu, a tafi kasuwa, a yi cigiya. In an sace keken rele, sai ka ji ana cewa: "Allah ya kyauta, ai porje za ta ba shi wani." Daga nan kowa ya koma ga hirarshi.

Ni ina da magana a kai, kuma ba za ta yi ma wasu daɗi ba. Yaron da ya ɗauke keken cikin duhu ɓarawo ne, babu gardama. Amma ba domin ya hau ya ɗauke shi ba. In ya hau shi cikin karkararmu, kwana biyu sun yi yawa a gane shi. Ya ɗauka ne domin ya san akwai mai jiran shi da kuɗɗi a aljihu. Wanga mai jira, Hausawa sun daɗe da raɗa mashi suna: ɓarawon zaune. Shi ne ba ya tsallake danga, ba ya gudun kare, ba ya shan sanda. Shina sanye da babbar riga, ana gaishe shi a kasuwa. Muddin muna gaishe shi, kekuna ba za su daina ɓacewa ba, ko da mun saye kwaɗunan duniya duka.

Mu fara da amfanin keken, domin wanda bai san darajar abu ba, ba ya jin zafin rashinshi.

Lafiyayyen mutum shina tafiyar kilomita 5 cikin awa ɗaya. Mai keke, bisa hanya mai tauri, shina yin kilomita 12 ko 15 cikin awa ɗayan nan. To ku ɗauki alli ku yi lissafi tare da ni. Gari ne da ke nesa da likita da kilomita 15. Da ƙafa, awa 3. Da keke, awa ɗaya da ƴan mintoci. Masanan lafiya sun tabbatar cewa macen da jini ya ɓalle mata bayan haifuwa tana iya rasuwa cikin awa 2 in ba ta samu taimako ba. Ɗan aike mai keke ya isa wurin manjo da sauran lokaci. Ɗan aike mai ƙafa kuwa bai ma ga rufin likita ba lokacin ya ƙare.

Haka masassarar cizon sauro take ga ƙananan yara. In ta yi tsanani, yaro ya fara suma ko sanƙarewa, tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya. Haka cizon kububuwa, wadda ke sa jinin mutum ya ƙi tsayawa. Duk waɗanga cututtuka gudu suke yi, kuma kusan rabin mutanen ƙasarmu suna zaune fiye da kilomita 5 daga gidan likita.

Aikin agajin ƙauye ba baƙo ba ne gare mu. Tun shekarun 1960 anka fara horar da masu agaji da ungozomomi cikin ƙauyukan jihar Maraɗi, kowa da ɗan akwatinshi na magani. Tsofaffinmu suna tune da su. Daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, anka gina ƙananan gidajen likita fiye da 2000 cikin karkara. Bayan nan anka samu rele, waɗanda gari ke zaɓa da kanshi. Cikin garuruwan da ke nesa da likita, wasunsu an koya masu gwada jinin yaro don gane masassara, da ba da maganin zawo, da ƙirga numfashin yaro mai ciwon haƙarƙari, da auna damtsen yaro da igiyar nan mai kala uku don gane tamowa. Tun 2013 kuma anka fara rabon maganin rigakafin masassara ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, gida gida. Wa ke bin rugage da tungaye yana wanga aiki? Mutum ne da jaka a kafaɗa. In ya yi sa'a, da keke ƙarƙashinshi. Wani gwamnati ko porje ta ba shi, wani kuwa nashi ne na kanshi, ya sadaukar da shi ga aikin gari.

Wani zai ce: "Malam, kana zancen keke cikin zamanin moto da salula?" I, ina yi. Salula tana kai magana, in akwai rezo, in batir bai mutu ba. Amma ba ta ɗaukar akwatin magani, kuma ba ta goya mai jinya. Moto kuwa mai take sha. Mutanen bakin iyaka ba su manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta janye tallafin mai, farashin ƴan ruwa-ruwa ya yi tsalle. Akwai kuma lokutan da hukuma ta hana hawan moto saboda tsaro, kamar a jihar Difa a 2015, da wasu sassan Tilaberi a 2020. Keke ba ya neman mai, ba ya neman ciyawa. Na yarda, inda rairayi ya yi zurfi sai an sauka an tura. Amma ko turawa ce, keke na ɗauke maka kaya. Ko a birnin Landan na ƙasar Ingila, inda motocin asibiti sunka cika, tun shekarar 2000 suna da ma'aikatan agajin gaggawa masu hawan keke, domin keke na ratsa cunkoson da mota ba ta iya ratsawa. Saboda haka kada kowa ya rena shi.

Yanzu mu zo ga maganganun da nike ji duk lokacin da irin wagga sata ta faru.

Ta farko ita ce: "Ai kayan gwamnati ne." Ma'ana, ba na kowa ba ne, wanda ya samu ya tsinci dami a kala. Ku gaya mani, ministan lafiya ne ke hawan keken nan? Ɗiyanshi ne ake kai ma magani da shi? A'a. Ɗiyanmu ne. Rijiyar gari ma gwamnati ta gina ta, amma in wani ya zo da dare ya kwance kan famfo ya tafi da shi, ba mu cewa asarar gwamnati ce, domin da safe mu ne za mu ji ƙishirwa. Bambancin kawai shi ne, ƙishirwa kowa ke jin ta rana ɗaya, rashin keken agaji kuwa gida ɗaya ke jin shi yau, wani gida ya ji shi wata mai zuwa. Shi ya sa ba mu haɗa kuka. Kuma zancen "za a ba shi wani" ku cire shi daga ranku. Porje tana da ranar farawa, tana da ranar ƙarewa. In ta naɗe tabarmarta, ba wanda za ka kai ma kuka.

Ta biyu ita ce: "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Domi bai sa kwaɗo ba?" Wagga magana ta fi ɓata mani rai. Ku duba yadda aikin yake. An ta da mutum daga barci. Ya yi gudu cikin duhu, ya iso ƙofar gida, shina jin kukan mata daga ciki. Mi kuke so ya yi? Ya tsaya neman icce mai kauri, ya warware sarƙa, ya lalubi makulli, yaro kuwa shina can shina shure-shure? Mai aikin kirki jingine keke yake yi ya faɗa ciki. Ɓarawo ya san haka. Ya san wanga mutum hankalinshi na wani wuri, kuma ya san mutanen gida duka sun taru kan maras lafiya. Lokacin yake jira. Wanda ya saci keken manomi a bakin gona ya yi sata. Wanda ya saci keken mai agaji a ƙofar maras lafiya ya yi sata, ya kuma yi amfani da ciwon ɗan uwanshi kamar tsani.

To nauyin wa ne tsaron keken a lokacin nan? Na mutanen gidan da sunka yi kira ne. In baƙo ya zo maka bisa doki, ba ka barin shi ya nemi turke da kanshi. Yaron gida ke kama linzami. Haka ya kamata a yi ma mai agaji. Da ya sauka, wani ya karɓi keken ya shiga da shi cikin gida, ko ya zauna kusa da shi har a gama. Ba ya cin ko dala. Kwaɗo na da ranarshi: ranar kasuwa, ranar taro, da dare in an koma gida. A ranar, a ɗaure gangar jikin keken ga abin da ba ya ciruwa, ba ƙafar gaba kaɗai ba, domin ƙafa kwance ta ake yi a bar maka ita.

Ta uku ita ce ta ɓarawon zaune da bakinshi: "Wallahi ban san na sata ba ne." Bari mu zauna kan wagga, domin nan ne gindin maganar.

A ce keke ya kai jika 50 a kasuwa. Wani yaro da ba ka san ubanshi ba ya same ka bayan rumfa da magariba, ya ce ka kawo jika 15. Ba ya son ciniki ya yi tsawo. Shina waige-waige. An kankare fentin keken, wurin kankarar ma sabo ne. Ka ƙirga kuɗɗi ka miƙa. Sannan ka zo gaban mutane ka ce ba ka sani ba? Kai da in za ka sayi tunkiya sai ka buɗe bakinta ka duba haƙora, ka tambayi garin da ta fito? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka sani sarai. Abin da ka yi shi ne, ka ƙi tambaya don kada a ba ka amsa.

A wani gari da na yi aikin koyarwa, an ɗauke keken rele cikin watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da masassara ta fi kama yara. Har kaka ta wuce mutumen nan da ƙafa yake yawo. Tungayen da yake zagayawa cikin kwana biyu sai da sunka koma cin mako guda. Wata ɗalibata, uwar ɗiya huɗu, ta goya ɗanta ta yi tafiyar rabin wuni zuwa likita, domin ranar rele shina can wani gefe, ba mai iya cim mashi. Allah ya sa yaron ya tashi. Bayan watanni anka ga keken a wani gari, nisanshi bai kai tafiyar wuni ba. Wani mai sayar da hatsi ke ɗora mashi buhu. Mutanen garin sun daɗe suna ganin shi. Sun san mai hatsin nan bai je birni ya sayo sabo ba. Ba wanda ya buɗe baki, wai kada a ɓata zumunci. Da anka zo karɓa, sai ya ce a kawo shaida. Babu takarda, babu lamba, babu wata alama. Magana ta tsaya ga rantsuwa, keke ya zauna inda yake.

Dokar hukunci da ƙasarmu ta kafa tun 1961 ba ta tsaya ga mai ɗauka ba. Ta sa karɓar kayan sata da sani cikin laifuffukan da ke kai mutum kaso. Malamanmu na addini ma ba su taɓa halatta cinikin abin da ka san na sata ne ba. Doka ba ta rasa ba, wa'azi bai rasa ba. Shaida ce ta rasa. Jandarma ba ya iya kama mutum bisa "kamar shi ne". Alƙali ba ya yanke hukunci bisa "na gane shi ga sirdi".

Alhali kuwa maganin wanga abu yana hannunmu tun kaka da kakanni. Ku dubi Fulani da Buzaye. Kowane gida na da shaidar da yake yi ma dabbobinshi, ko lalas ko tsagar kunne. Raƙumi ya ɓace a Abalak, a gan shi wata kasuwa mai nisa, masana su duba shaida su ce na zuri'ar wane ne. Ku dubi kuma kasuwar dabbobi. Baƙo ba ya shigowa da saniya ya sayar haka kawai. Sai ta hannun dillali, wanda ya san shi ko ya san mai masaukinshi. In daga baya ta tabbata ta sata ce, dillali ake kamawa ya fito da mutumenshi. Ba a daina satar shanu ba, gaskiya ne, amma ɓarawon saniya shina shan wahala kafin ya maida ta kuɗɗi. Domi keke zai shiga kasuwa ba shaida, ba dillali, ba mai tambaya?

Turawa ma nan sunka dawo. A ƙasar Japan, tun 1994 dole ne mai keke ya rubuta shi ga rajista. A Faransa, daga ranar 1 ga Janairu 2021, duk sabon keken da kanti zai sayar sai da lamba ta musamman a jikinshi, kuma a rubuta lambar tare da sunan mai shi. Lalas ke nan, sai dai nasu da na'ura ake yi.

Akwai wani gwaji da anka yi a jami'ar birnin Niyukasil, can Ingila, anka bayyana sakamakonshi a 2012. Ana yawan satar kekunan ɗalibai. Sai masu bincike sunka zaɓi wurare 3, sunka kafa alluna masu hoton idanun mutum, da rubutun da ke gaya ma ɓarayi ana kallon su. Ba su ƙara mai gadi ba, hoto ne kawai. Cikin shekara ɗaya, sata ta ragu a wuraren nan da kashi 62 cikin 100. Wato inda a da za a ɗauke keke 100, ya koma 38. Amma ku ji sauran labarin: a wuraren da ba a kafa allo ba, sata ta ƙaru da kashi 65 cikin 100. Ɓarawo na tsoron ido, ko na hoto ne. Sai dai bai tuba ba, gaba ya matsa. In garinku kaɗai ya tsare kekenshi, kun tura ɓarawo garin maƙwabta ne, inda ƙanwarku ke aure. Abin da ke hana shi ɗauka ko'ina shi ne ya rasa inda zai kai.

Ga abin da nike kira a yi, kuma ba sai an jira Yamai ba.

Kusan kowane keke na da lamba da maƙera sunka buga ga ƙarfenshi tun daga masana'anta. Ku kifa keken, ƙafafu sama. Ku duba ƙarƙashin wurin da feda ke juyawa. In babu nan, ku duba ƙarfen da ke riƙe da sirdi, ko kusa da ƙafar baya. Ku goge ƙasa da tsumma. Za ku ga baƙaƙe da lambobi a jere. Ku kwafe su ɗaya bayan ɗaya, wani ya karanta, wani ya rubuta, sannan ku sake dubawa, domin 6 da 9 suna ruɗin mutum in keke na kife. A rubuta lambar wuri uku: cikin kayen kwamitin kula da likita, wurin manjo, da wurin maigari. Wanda ke da salula mai hoto ya ɗauki hoton keken da lambar.

Lamba ɓoye take, ba a ganin ta daga nesa. Don haka a shafe keken da fenti mai ɗaukar ido, kala ɗaya ga duk kekunan agaji na komin guda, a rubuta sunan gari da manyan baƙaƙe. Ya zama ko yaro mai kiwo ya hango shi ya san na agaji ne. Fenti ana kankare shi, na sani. Shi ya sa maƙerin gari zai buga alama da ƙarfe ga kariya, da kan keke, da bakin ƙafafu biyu, a hankali yadda ba zai raunana ƙarfen ba. Wani zai ce an ɓata ma keke kyau. To ai abin da muke so ke nan. Keken agaji ba na zuwa zance ba ne. Muna so ya zama abin da ba mai sha'awar saye.

Masu gyaran keke, maganar ta iso gare ku. Ɓarawo mai wayo ba ya sayar da keke ɗungum. Kwance shi yake yi: ƙafafu nan, sarƙa can, sirdi wani wuri. Ina kayan nan ke ƙarewa? Gindin iccen da kuke aiki. Kun fi kowa sanin keke. Kuna gane ƙarfen da anka goge ma lamba. Kuna gane ƙafar da ba ta tsufa ba amma ana sayar da ita kuɗɗin goro. Mafi yawanku mutanen kirki ne masu cin guminsu, amma mutum ɗaya cikin kasuwa ya isa ya ɗaure ma ɓarayin kanto guda gindi. Kun san shi. Ku da sarkin kasuwa ku tsai da doka tsakaninku: ba a sayen tsohon keke ko kayanshi ga wanda ba a sani ba, sai ya kawo mai tsaya mashi.

In kuma an yi satar, kada a kwana. Ranar farko ta fi sauran kwanakin duka. A gaya ma maigari, a kai lamba wurin jandarmomi, a ba mai shela da gidan rediyon karkara, a aika hoton ga masu gyara na kasuwannin kewaye. Mu da ke kudu mu tuna iyaka kusa take. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko daga Ƙonni zuwa Illela, ba wata tafiya ba ce, kuma kaya na tsallakawa ta kowane gefe. Muna da dangi da abokan ciniki can. Cigiya ta bi su, kamar yadda tasu za ta zo mamu.

Abu ɗaya nike roƙo: in an kama ɓarawo, kada a taru a kashe shi da duka. Haramun ne, laifi ne gaban doka, kuma wauta ce. Yaron nan shi kaɗai ya san wanda ya aike shi da wanda ya saya. Ranar da anka rufe bakinshi, ɓarawon zaune ya yi barci mai daɗi. Wani lokaci ma shi ne ke gaba wurin ɗaga sanda. A miƙa yaro ga hukuma da ranshi, a matsa a ji sunan mai saye, a bi sawu har rumfarshi, ko wane ne shi.

Na ce ko wane ne shi, domin akwai wata satar da ba a kiran ta sata. Ɗan maigari ya ari keken agaji zai je kasuwa, ya yi kwana uku. Shugaban kwamiti ya kai shi gidanshi wai don tsaro, ɗiyanshi na zuwa ɗiban ruwa da shi. Rele da kanshi ya tashi tafiya bida bayan kaka, ya sayar da keken ya yi kuɗɗin mota, ya ce an sace. Ga uwar da ta zo neman taimako ta tarar babu keke, duk ɗaya ne da wanda ya tsallake danga. Na san abin da ake ba rele bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa daga aljihunshi yake sayen taya da faci. Wanga ma kunyarmu ce. In kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta hatsi lokacin kaka, an samu kuɗɗin gyara da na kwaɗo mai kyau na shekara. Amma a faɗa gaban taron gari, a kuma rubuta: keken na aiki ne. Wanda ya bar aiki ya miƙa shi ga wanda ya gaje shi, gaban shaidu.

Shugabannin komin da sarakunan kanto, ku ne kuke iya sa garuruwa su yi wanga abu rana ɗaya. Kuna karɓar kuɗɗin kasuwa kowane mako. Mai karɓar nan shina iya riƙe kaye ɗaya na cinikin tsofaffin kekuna. Duk wanda zai sayar, a duba lamba, a duba ko tana cikin waɗanda ake cigiya, sannan a rubuta takarda. Ga yadda za ta kasance, kowa ya kwafe ta ya ajiye:

Ni, wane ɗan wane, na garin kaza, na sayar ma wane ɗan wane, na garin kaza, da kekena.
Irin keken: ..........
Kalarshi: ..........
Lambar da ke jikin ƙarfe: ..........
Kuɗɗin da anka biya: ..........
Kasuwa da ranar ciniki: ..........
Wanda ya tsaya ma mai sayarwa: ..........
Shaidu biyu: ..........

Mai sayarwa da mai tsaya mashi su sa hannu, ko su dangwala yatsa. A yi ta biyu. Mai saye ya riƙe ɗaya, ɗaya ta zauna wurin sarkin kasuwa.